Ko Aikin Sha'awa Almubazzaranci Ne?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai da komowa a zuciyata, abin da ya tayar da ita kuwa wani al'amari ne da ya auku a Gazara, cikin ƙasar Makarfi. Ga tambayar: in mutum ya ɗebi lokacinsa da kuɗinsa da ƙarfinsa ya zuba cikin wani aiki wanda ba ci za a yi ba, ba sha ba, ba kuwa kasuwa za a kai a sayar ba, sai dai kurum don ransa yana so, shin ɓarna ya yi, ko kuwa akwai wani abu ciki da ya dace da mai hankali? Kada mai karatu ya yi garajen amsawa. Ni ma da fari na zaci amsar a fili take, sai da na zauna na auna tukuna na ga ashe ruwan da zurfi.

Duk wanda ya san wannan yanki namu, watau Makarfi da Kudan da Ikara, ya san mutanensa ba baƙin inji ba ne. Ƙasa ce ta rake da tumatir da barkono da masara. Da rani in ka gangara fadama, kukan injin ban ruwa ne zai tarbe ka. Ka shiga gari, ga injin niƙa. Ka je inda ake dafa mazarƙwaila, ga injin matse rake. Amma dukan injunan nan barori ne. Kowanne an saye shi ne don ya yi aiki ya kawo kuɗi, ran da ya gaza kuwa a ɗauke shi a kai wa makaniki ana zaginsa a hanya. Saboda haka injin da ba ya kawo ko kwabo baƙon abu ne a wurinmu, kamar a ce ga sa an ɗaure ana ba shi dusa, ba don huɗa ba, ba don yanka ba.

Mutumin da nake magana a kansa ba zan faɗi sunansa ba. Yara sun laƙaba masa Mai Fijo, mu ma sai mu bi su. Yana saurayi ya yi yaron mota, daga baya ya zama direba tsakanin Zariya da Kano, da girma ya fara zuwa ya komo gida ya kama noman rake. Wata rana ya je Zariya ya tarar da gawar wata mota ƙirar Peugeot 504 a bayan wani gida, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, kaji sun mai da kujerarta akurki. Ya taya, aka sallama masa da araha, ya sa aka jawo ta har ƙofar gidansa. Mutane suka ce, madalla, za mu sami motar zuwa kasuwa. Ya ce a'a, ba ta haya ba ce. So yake ya kwance injin ya sake haɗa shi da hannunsa, in ya tashi ya sami fili da rani, inda babu kowa, ya sake mata linzami ya ji iyakar muryarta. Shi ke nan abin da yake so. Aka dube shi, aka dubi juna.

Ya kamata a faɗi ko wace irin mota ce wannan, domin samarin yanzu sun tashi sun tarar ta tsufa. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa motocin kamfanin a Kakuri, cikin Kaduna, aka yi ta haɗa 504 a can har 2006, bayan su Faransawan sun daɗe da dainawa. A 1975 ɗin nan kuma wani direba mutumin Suwidin, Ove Andersson, ya ci gasar Safari ta ƙasar Kenya da ita, gasar da akan kwana da kwanaki ana keta laka da ƙura da duwatsu. Mai Fijo yana yaro ya ji labarin a bakin direbobi a tasha, labarin kuwa ya kwanta masa a rai shekara da shekaru, ana haihuwa, ana aure, ana biyan bashi, bai fita ba.

Ya ɗaura sarƙa a reshen darbejiya ya zaro injin, ya shigar da shi zaure, ya shimfiɗa buhuna. Daga nan surutu ya tashi. Wani abokinsa ya ce, “Malam, me ya yi zafi? Je ka Panteka a Kaduna ka sayo inji ɗan Kwatano ka ɗora, kwana biyu an gama.” Ya ce, “In da tafiya nake so, da haka zan yi. So nake in san abin da ke ciki.” Wani dattijo kuwa, maƙwabcinsa, wanda ba ya ɓoye magana, ya ce, “Ɗana, wannan almubazzaranci ne. Da furfura a gemunka ka koma wasan yara?” Ya ce, “Baba, na ji.” Bai ƙara ba, bai kuwa fasa ba.

To, maganar dattijon nan ita ce ta fi nauyi, ita za mu fara ɗagawa. Malamai sun koya mana cewa almubazzaranci shi ne kashe dukiya inda bai kamata ba, ko kuwa wuce iyaka a inda ya kamata, kuma iyakar nan tana bin halin mutum: abin da yake daidai ga attajiri yana iya zama ɓarna ga talaka. Ba su ce duk abin da ba ya kawo riba ɓarna ne ba. In da haka ne, da mun shiga uku da dawakinmu. Dubi dokin hawan salla a birnin Zazzau. Shekara guda yana cin dawa da harawa, ana ba shi kanwa, ana wanke shi, ana share masa turke, ba ya huɗa, ba ya dako, kwanakin da za a hau shi a fito fili ba su taka kara sun karya ba. Wa ya taɓa tare mai doki ya ce masa almubazzari? Sai ma a jinjina masa. Na sani wani zai ce doki gadonmu ne, mota kuwa baƙuwa ce. Gaskiya ne. Amma in ka bincika, abin da ke burge mu ga mai doki shi ne kula: ya san tafiyar dabbarsa, ya san ranar da ta ƙi cin abinci, in ta ɗingisa ya san ƙafar. Wanda ya sayi doki don a gani kurum, ya bar wa bara, bai san ko ya sha ruwa ba, ai ko a fada ba a lissafa shi cikin mahaya. Ashe kuwa in kula ce muke girmamawa, sai mu duba mu gani ko tana nan a zauren Mai Fijo.

Bari mu leƙa cikin injin, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba. Injin 504 silinda huɗu ne da shi, cikinsu duka bai cika lita 2 ba. A kowace silinda akwai fistan mai hawa da sauka. Ya sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta su fashe su tunkuɗa shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wannan dabara ta taki huɗu wani Bajamushe ne, Nikolaus Otto, ya tabbatar da ita a 1876, kuma har yau ita ce ke cikin babur ɗinka da injin ban ruwanka. Fistocin nan suna juya wata sanda mai gwiwoyi, ita ake kira kiranshaf. In inji yana juyi 3,000 a minti guda, wanda ba wani gudu ne na a zo a gani ba, kowane fistan yana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ita kuwa sandar tana kwance ne cikin waɗansu ɓawo na ƙarfe mai laushi, waɗanda makanikai ke kira metal. Tsakaninta da su akwai ɗan rata wanda bai kai kaurin gashin kai ba, baƙin mai ne ke cika shi, a kan man nan sandar ke yawo ba ta taɓa ƙarfe. Ratan ya yi yawa, mai ya tsere, inji ya buga. Ya yi kaɗan, mai ya kasa shiga, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ƙwayar rairayi guda in ta shiga wurin ta isa ta rusa aikin wata uku, ka kuwa san yadda hunturu yake da ƙura a ƙasarmu.

Da Mai Fijo ya zaro sandar ya wanke ta da kananzir, sai ya ga wani ɗan zane a gwiwa ta uku, in ya goga farce yana ji. Ya san abin da ya kamata: a kai ta Zariya wurin masu injin gogewa, a rage dukan gwiwoyin daidai wa daida, a sayo metal mai kauri wanda ya dace da sabon awon. Amma ga kuɗin mota, ga kuɗin aiki, ga jira, shi kuwa ya ƙosa ya ji kuka. Ya ce a ransa, ɗan wannan zanen me zai yi? Ya goge shi da takardar yashi, ya ɗora sabon metal a kai, ya rufe. Babu wanda ya gani. Injin ya tashi, unguwa ta taru, yara suka yi ta tsalle. Kwana tara yana tayar da shi safe da yamma, murya kamar ta sabo. Ran na goma aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga can ƙasa, kamar ana sassaƙa turmi. Ya kashe, ya zauna a kan buhu, ya daɗe bai ce kome ba.

A nan ne na ga abin da ban gani ba da fari. Yawancin sana'o'inmu a fili suke. Masaƙi ya miƙo maka zane ka ɗaga shi a rana ka ga inda zare ya tsinke. Mai tukwane ka ƙwanƙwasa tukunyarta ka ji ko ta tsage. Magini katangarsa tana tsaye kowa na wucewa. Amma inji ana gama shi sai a rufe a ɗaure da noti, ido ba ya sake shiga. Mai mota ba ya ganin kome sai fenti, ba ya jin kome sai kuka, aikin ha'inci kuwa yana iya yin kuka mai daɗi wata guda cur. Saboda haka sana'ar makaniki kacokan a kan amana take tsaye. Ba zagin makanikai nake yi ba, akwai masu tsoron Allah cikinsu da yawa, kuma mu masu kai aiki muna da namu laifin. Mu ne ke tsaye a kansu muna cewa yau nake son abina. Mu ne ke taya aikin yini uku da kuɗin yini ɗaya, mu sayo kayan jabu don araha mu ce a ɗaura haka nan. In inji ya buga, makaniki ya ce kayan ne, mai kaya ya ce direba ne bai duba mai ba, direba ya ce hanya ce. Gaskiya ta faɗa tsakaninsu ta ɓace, kowa ya tafi gida da hujjarsa, babu wanda ya koyi kome.

Mai Fijo kuwa wa zai ɗora wa? Shi ne mai kaya, shi ne ɓarawo, shi ne kuma alƙali. Shaida guda ce a shari'ar, watau injin, shi kuwa ba ya karɓar toshiya, ba ya jin kunyar furfura. Yau da gobe mukan cuci kanmu a ɓoye mu wuce lafiya: mu rage awo kaɗan, mu bar kunya biyu ba mu nome ba a tsakiyar gona inda mai wucewa ba zai hanga ba, mu ce ba kome. Da wuya mutum ya sami abin da zai tsai da shi ya nuna masa da yatsa ya ce, ga daidai inda ka yi ƙarya, gwiwa ta uku. Wanda ya sami irin wannan malami a zaurensa, ni ban iya cewa ya yi asarar kuɗin makaranta ba.

Karo na biyu ya canja hali. Ya kai sandar Zariya aka goge, ya dawo ya bi ramukan mai ɗaya ɗaya yana wankewa har kananzir ya fito fari. Ya jira iska ta kwanta kafin ya buɗe kome. Su silindojin wannan inji ba a jikin gangar aka huda su ba, kowace bututu ce mai zaman kanta da ake zarewa a sa sabuwa, in kuwa ba ta zauna daidai ba ruwan lagireto ya gangara cikin mai, ka zaro sandar awo ka ga mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Ya auna su sau uku. Kan injin na alminiyam ne, ba ya son a ɗaure shi da ka, sai a fara daga notin tsakiya a yi waje, kaɗan kaɗan, da sifana mai awo. Ba shi da ita, ya yi sati biyu yana jiran aro, ya ƙi taɓawa da wata.

A nan akwai abin da ya shafe ku, ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, domin shi ma ɗan ajin ne. Da girmansa ya koyi karatun boko. Ya sami wani tsohon littafin gyaran motar da Turanci, Turancin bai wadace shi ba, sai ɗansa ya fassara masa, amma lambobi da hotuna shi ke karanta abinsa. Ya yanka jarkoki huɗu ya rubuta musu 1, 2, 3, 4, kayan kowace silinda a tata jarka, kada su gauraya. Ya rubuta a bangon zaure da gawayi yadda wuta ke bin silindojin, 1, 3, 4, 2. Yana da littafin rubutu inda yake sa kowane awo da ranar da ya yi shi. Ku tuna ran da kuka ɗauki fensir kuka nufi aji, aka ce muku karatun tsufa me zai tsinana, aikin gwamnati za a ba ku? Da yawanku ba ku da amsa, illa dai kun gaji da a riƙa karanta muku wasiƙarku. Tambayar da aka yi muku ita ce aka yi wa Mai Fijo, riga kawai ta sake.

Akwai wani mutumin Japan, Soichiro Honda, wanda sunansa ke jikin babura da injunan ban ruwa da yawa a fadamunmu. Yaron gareji ne, yana saurayi yana haɗa motar tsere yana shiga gasa, har a 1936 ya yi mummunan haɗari a filin tsere. Daga baya ya kama ƙera ringin fistan. Cikin guda 50 da kamfanin Toyota ya gwada, uku kaɗai suka ci jarrabawa. Sai ya koma makaranta da girmansa ya koyi halin ƙarfe, a 1948 ya kafa kamfaninsa. Na kawo labarinsa don a ga shi ma ƙarfe ne ya ƙaryata shi ya kore shi zuwa aji. Ban kawo shi don in ce a ƙyale Mai Fijo wataƙila ya zama Honda ba. Ba zai zama ba, shi ma ya sani. In muka ce sha'awa ba ta halatta sai in za ta haifi kamfani, to mun koma wurin da muka baro, muna auna kome da kwabo. Haka nan gaskiya ne yanzu maƙwabta sukan kawo masa injin ban ruwa ya saurara ya faɗa musu ciwon, amma wannan gyara ce aka yi a kan ciniki, ko babu ita cinikin ya faɗa.

Sai dai ba zan wanke shi tas ba, domin akwai inda dattijo ya fi shi gaskiya. Kuɗin gogewar sandar nan da metal na biyu, kuɗin taki ne. Buhu biyu ya rage daga abin da masara ke bukata, bai gaya wa kowa ba, da kaka rumbu ya faɗi abin da ya ɓoye. Uwargidansa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, ban hana ka abin da kake so ba, amma ita motar ba ta cin tuwo, mu muna ci.” Wannan magana babu amsarta. Lokacinsa nasa ne, barcin da ya hana idonsa nasa ne, kuɗin goro da na shayi da ya tara nasa ne. Abincin gida kuwa hakki ne na waɗanda ke ƙarƙashinsa, ba shi da ikon ya yi sha'awa da shi, ko da sha'awar ta koya masa hikimar duniya. Abin mamaki, mutumin da ya koyi kada ya yi wa ƙarfe ƙarya, a daidai lokacin nan yana ɓoye wa matarsa lissafi. Ashe darasin ba ya tsallakawa da kansa daga zaure zuwa cikin gida, sai an ɗauke shi an shigar.

Saura maganar gudu. Mun sha jin yadda samari kan yi wasan mota a titi ran ɗaurin aure, a tashi daga murna a koma makoki. Wannan ba sha'awa ba ce da za a kare, domin da ran wani ake yin ta, wanda ba a shawarce shi ba. Kakanninmu sun san haka tun a kan doki, shi ya sa aka keɓe filin sukuwa, ba a yin ta a cikin kasuwa. Turawa ma da mota ta zo musu haka suka yi. A Ingila, sa'ad da doka ta hana wuce mil 20 a awa a kan hanya, sai aka gina fili musamman don tsere a Brooklands a 1907. A Jamus akwai filin Nürburgring, wanda aka buɗe a 1927, inda a waɗansu ranaku mutum kan biya kuɗi ya shiga da motarsa ya zaga. Mu a Gazara ba mu da irin wannan. Abin da muke da shi gonaki ne bayan an kwashe amfani, su ma da masu su, ga dabbobi, ga yara waɗanda ko'ina suka ji kuka sai sun zo. In Mai Fijo bai nemi iznin mai gona da na mai gari ba, bai sa manya sun tsare yara nesa ba, to ni ne farkon wanda zai koma bayan dattijo.

Har yanzu dai ba a kai ga nan ba. Bana ya sayi taki tun kafin ruwa ya sauka, ya jibge shi a ɗakin uwargida, ya ba ta mabuɗi. Motar tana nan ƙarƙashin darbejiya a kan duwatsu, injin a cikinta, tayoyi suna jiran a sayar da rake. Kowace Juma'a bayan la'asar yakan tayar da ita ta yi ɗan kuka ta yi zafi, ya kashe. Dattijon nan yakan jawo tabarmarsa kusa ya zauna, in an tambaye shi ya ce har gobe ɓarna ce. Juma'ar da ta wuce injin bai yi minti biyu da tashi ba ya ɗaga hannu ya ce, “Ɗana, kashe. Yau muryarta ba daidai take ba.” Aka kwance fulogi ɗaya ɗaya, aka tarar na huɗu ya yi baƙi.